Yara biyu da tsaga a gida ɗaya, asibiti kuma na neman yawun iyaye: mu yarda?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu ilimin lafiya ku taimaka mini. Matar ƙanina ta sauka, an samu namiji, amma leɓensa na sama a tsage yake ta gefen hagu har cikin hanci. Wannan ce haihuwarsu ta biyu. 'Yarsu ta fari leɓenta lafiya lau, sai dai ganɗarta a buɗe take, har sai da aka yi mata aiki. Yanzu gida ya ɗau zafi. Hajiyarmu ta kafe cewa daga dangin matar abin ya fito, wata gwaggonmu kuma ta ce ai ta fita tsakar gida da ciki daren da wata ya yi zazzaɓi. Har an fara zuga shi ya ƙaro aure. To a asibitin koyarwa wata likita ta ce wa ƙanin nawa ya matso, ta daɗe tana duba leɓensa na ƙasa, sannan ta ce akwai binciken da suke yi, suna son yawunsa da na matar da na yaran, da hotuna. Ya ce sai ya yi shawara. Me za su yi da yawu? Kuma me ya kai ta duba bakin uba alhali jariri ne ba lafiya?

Ummu Sudais: Wa alaikumus salam. Allah ya raya, ya ba shi lafiya. Allah ya ba uwar haƙuri, ita ce abin tausayi.

Nas Talatu: Kafin a shiga dogon zance, Maman Ilham, yaron yana shan nono? Wannan shi ne na gaggawa. In leɓe kaɗai ne, yawanci suna iya kama nono, uwa ta sa yatsa ta toshe tsagar ko ta danna nonon ya cike gurbin. In har da ganɗa, ba ya iya zuƙa, don iska na shiga ta hanci. Za ki ga yana ta tsotso, gumi na keto masa a goshi, ya gaji ya yi barci, ana zaton ya ƙoshi alhali cikinsa fayau. Sai a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali, a zaunar da shi a miƙe, kaɗan-kaɗan akai-akai, ana sa shi gyatsa. In nono ya ɗan fito ta hanci kada a firgita, a dakata a goge a ci gaba. Kuma a riƙa kai shi awo duk mako. Yaran nan ba tsagar ce ke kashe su ba, yunwa ce.

Maman Ilham: Anti Nas, sun ce ganɗarsa lafiya, kuma yana kamawa alhamdulillah.

Likitan Haƙori: Madalla. Hajiya, ina da tambaya ɗaya. Ki duba leɓen ƙaninki na ƙasa, daidai tsakiya. Akwai wasu 'yan ramuka biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, kamar an soka tsinke an zare? Wani lokaci sukan yi damshi.

Maman Ilham: Innalillahi. Likita ya aka yi ka sani? Akwai su tun yana yaro. Marigayi babanmu ma yana da su, mu dai mun ɗauka kamanni ne kawai. Jaririn ma na ga kamar yana da su.

Likitan Haƙori: To abin da abokiyar aikina ta gani ke nan. Ba zan yanke hukunci a kan wanda ban gani da idona ba, amma abubuwa uku sun haɗu: ramuka a leɓen uba da kaka, ɗa ɗaya da tsagar leɓe, ɗaya da tsagar ganɗa kaɗai. A al'ada waɗannan tsaga biyu ba su cika haɗuwa a dangi ɗaya ba. In suka haɗu, ga kuma ramuka, abin da likita zai fara tunani shi ne larurar Van der Woude, wadda aka sa wa sunan Anne Van der Woude da ta yi bayaninta a 1954. Ita ce ta fi yawa cikin larurorin gado masu zuwa da tsaga, kusan 2 cikin 100 na masu tsaga ita ce da su.

Bari in ɗan koma baya. Fuskar ɗan tayi ba a dunƙule take fitowa ba. Sassa biyar ne ke tsirowa a kewayen baki, ɗaya daga sama, biyu daga gefe, biyu daga ƙasa, su matso su haɗe kamar yadda tela ke harhaɗa ƙyallayen riga. Leɓen sama yana haɗewa tsakanin mako na 4 da na 7 na ciki. Ganɗa tana biyo baya, daga mako na 6, kuma kafin ciki ya cika wata uku an gama. Inda ɗinkin bai kama ba, nan tsaga take. Ku lura da lokacin: mata da yawa ba su ma tabbatar suna da ciki ba leɓe ya riga ya haɗe ko ya ƙi. Don haka abin da mace ta gani ko ta tsallaka da tsohon ciki ba shi da hannu a ciki.

A larurar Van der Woude, kusan 70 cikin 100 matsalar tana wata ƙwayar gado mai suna IRF6. Daga mahaifi ɗaya kawai ake ɗaukarta, uwa ko uba, kuma kowane ciki rabi da rabi ne, ko ɗan ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Wanda ya ɗauka ma ba lallai ya zo da tsaga ba. Wani ramuka kawai, wani wasu haƙora ba za su fito ba, wani tsagar leɓe, wani ta ganɗa. Ƙwaƙwalwarsu kuma lafiya, suna karatu kamar kowa.

Ɗan Fagge: Wato dai in na fahimta, ko mata huɗu ya jera, lissafin bai canza ba?

Likitan Haƙori: In har ita ce, ko kaɗan. Rabi da rabin yana tare da shi duk ɗakin da ya shiga.

Hajiya Babba: Ku bi a hankali yaran nan. Na ga kuna murna an wanke matar, to kada ku kwashe kayan daga kanta ku jibga wa mijin. Maman Ilham, kada ki kuskura ki je gaban mahaifiyarku ki ce "ai daga wajen Baba ne." Mijinta ne ya rasu, ba za ta ji da daɗi ba, kuma matar ce dai za ta sha haushin. Ki sa ƙaninki ya ɗauke ta su je asibitin tare, likita ta faɗa da bakinta. Tsofaffi irinmu abin da muka ƙi ji daga 'ya'ya mukan ji shi daga mai farar riga. Sannan maganar ta tsaya iya ku. Mutanenmu in suka ji kalmar gado, gobe 'yan matan gidanku ne za su rasa manema.

Ummu Sudais: Wallahi Mama kin faɗi gaskiya. Amma kuma ɓoyewar fa? Wanda zai auri mai ɗauke da abin ba shi da haƙƙin ya sani? Yadda muka koyi gwajin sikila kafin aure?

Hajiya Babba: Ya sani in magana ta yi nisa, ba a yi shela a unguwa ba. Kuma wannan ba sikila ba ce, ana ɗinkewa yaro ya tashi ya yi rayuwarsa.

Abban Khalifa: Ni dai na san auren zumunci ne ke kawo irin waɗannan. Maman Ilham, ba 'yan uwa ba ne?

Maman Ilham: Ba su haɗa komai ba, ita ma ba 'yar garinmu ba ce.

Likitan Haƙori: Malam Abban Khalifa, auren zumunci yana ƙara haɗarin cututtukan da sai an ɗauko daga uwa da uba duka biyu. Wannan daga ɗaya take zuwa, ba ruwanta da zumunci. Kuma kada masu karatu su ɗauka duk tsaga haka take. Kusan 70 cikin 100 na masu tsagar leɓe ba su da wata larura tare da ita. A irin waɗannan, gado da yanayin ciki ne ke haɗuwa, kuma in an haifi ɗaya, yiwuwar na gaba ya zo da ita bai wuce 3 zuwa 5 cikin 100 ba. Kun ga tazarar da ke tsakanin wannan da rabi da rabi. Shi ya sa likita mai lura take duba bakin iyaye. Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗari su ne shan taba da ciki, ciwon suga da ba a kula da shi ba tun kafin ciki, da wasu magungunan farfaɗiya irin su valproate da topiramate. Amma mai farfaɗiya kada ta ajiye magani da kanta, ta ga likitanta tun kafin ta ɗauki ciki.

Ɗan Fagge: To Likita, duk wannan ka gano shi daga waya, ita ma ta gano da ido. Yawun na mene ne? Ni nan ne ban gane ba. Mu Kanawa ba mu manta 1996 ba, lokacin sanƙarau, da aka yi gwajin maganin Trovan da yara 200, aka yi ta shari'a sai 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. A kwashi yawun talaka a kai Turai, su rubuta takardu a ƙara musu girma, shi kuwa ko sakamako ba zai gani ba.

Ɗalibar Kimiyya: Yaya Ɗan Fagge, tsoronka yana da tushe, amma iri biyu ne. Wancan magani aka ba yara marasa lafiya. Wannan ba a sa wa kowa komai a jiki, tofawa za ka yi a 'yar kwalba, jariri kuma a goga auduga a cikin kumatunsa. Daga nan ake ciro DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon mutum. Haɗarinsa ba na jiki ba ne, na sirri ne: wa zai riƙe bayanan, ina za a kai su, har yaushe.

Amfaninsa kuwa, ita kanta IRF6 ta haka aka gano ta a 2002. Masu bincike a Jami'ar Iowa ta Amurka suka samu wasu tagwaye masu kama ɗaya, ɗaya yana da larurar, ɗaya ba shi da ita. Tunda gadonsu ɗaya ne, suka bi suka nemo inda suka bambanta, sai ga shi a wannan ƙwayar. Da iyayen tagwayen nan sun ƙi, da amsar da Likita ya ba Maman Ilham yau ta jinkirta.

Matsalar ita ce yawancin binciken gado a kan Turawa da mutanen Asiya aka yi shi. A duniya ana lissafin kusan jariri 1 cikin 700 na zuwa da tsaga, a Najeriya kuma wani bincike na 2014 ya samu kusan 1 cikin 2,000. Me ya sa muka bambanta? Sai an duba mu. Farfesa Azeez Butali, ɗan Najeriya ne da ke Iowa, shi da abokan aikinsa sun tattara samfurin mutum sama da 3,000 daga Najeriya da Ghana da Habasha, suka wallafa a 2019. Sun gano wurare biyu da ke da alaƙa da tsagar ganɗa, kusa da ƙwayoyin gado masu suna CTNNA2 da SULT2A1, waɗanda binciken da aka yi kan Turawa bai nuna ba.

Ɗan Fagge: Ƙanwata kin iya bayani, amma ba ki amsa ni ba. Shi ƙanin Maman Ilham me zai samu?

Ɗalibar Kimiyya: Wataƙila ba komai a hannu. Bincike da yawa ba sa mayar wa mutum da sakamakonsa shi kaɗai, don ɗakin bincike daban yake da ɗakin gwajin asibiti. Ya tambaya kai tsaye, kada a bar shi yana jiran takardar da ba za ta zo ba.

Ɗan Fagge: Yauwa. Abin da nake so a faɗa ke nan.

Likitan Haƙori: Kuma ina tare da kai a nan. Najeriya tana da kundin ƙa'idojin binciken lafiya tun 2007, kuma kowane asibitin koyarwa yana da kwamitin da sai ya amince kafin a taɓa mutum. Ƙanin Maman Ilham ya nemi a karanta masa takardar amincewa da Hausa, a ba shi kwafi ya tafi da ita gida. Ya tambayi lambar amincewar kwamiti, da ko za a fitar da samfurin waje, da yadda zai janye in ya sake tunani. Matarsa ita ma da bakinta za ta yarda, sa hannunsa bai wadatar mata ba. Mafi muhimmanci, aikin yaron ba ya rataye da wannan. In ya ce a'a, dole a yi wa ɗansa tiyata yadda za a yi wa na wanda ya ce e. Duk wanda ya nuna masa akasin haka ya karya ƙa'ida, a kai ƙara wurin kwamitin.

Ummu Sudais: Ni hotunan ne suka fi damuna. Kullum sai ka ga an baza fuskokin yara a Facebook, ga kafin aiki ga bayan aiki, ana neman tallafi da su. Yaron zai girma ya tarar da hotonsa yana yawo.

Ɗalibar Kimiyya: Anti, izinin hoto daban ake ba da shi, ana iya yarda da yawu a ƙi hoto, ko a yarda a ajiye a fayil amma ban da wallafawa. Sai dai ga ɗaya gefen. Likitoci da yawa da hotunan yaran Turawa suka koyi gane larurorin gado. Akwai wata manhaja, Face2Gene, da ke duba hoton fuska ta taimaka wa likita. A 2017 aka gwada ta da yara masu larurar Down: ta gane 80 cikin 100 na yaran Beljiyam, na Kwango kuwa ba ta kai 40 ba. Da aka horar da ita da hotunan yaran Afirka sai ta haura 90. Irin wannan giɓin ne ya sa cibiyar binciken gado ta Amurka ta buɗe kundin hotuna na al'ummomi daban-daban a 2016. Yaronmu da ba a gane larurarsa ba, ba za a duba zuciyarsa ko kunnensa a kan lokaci ba.

Ummu Sudais: Na ji. Ni dai da nawa ne, fayil kawai.

Malam Na Zaure: Assalamu alaikum. Na ga ba wanda ya taɓo wannan, kuma na san akwai masu jin nauyinsa a zuci: wai ɗinke leɓe canza halittar Allah ne. Ba haka ba ne. Gyara aibi magani ne. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito. Shi kuma husufi, hadisi ya inganta cewa rana da wata ba sa yin sa don mutuwar wani ko rayuwarsa. Zargin baiwar Allah a kan abin da ba ta da iko a kai zalunci ne, a gaya wa gwaggo da lafazi mai taushi.

Baban Damagaram: Gaisuwa daga Nijar. Tambaya gare ni. A ƙauyenmu akwai yarinyar da aka haifa lafiya, tana shekara uku ta yi ƙyanda, bayan nan kumatunta ya kumbura ya yi baƙi ya ɓule. Ita ma gadon ne?

Nas Talatu: A'a Baba, wannan cutar noma ce, ba a haihuwa da ita kuma ba a gadonta. Tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Daga dasashi take farawa: jini, warin baki mai tsanani, yawu na dalala, sai kumburi. Cikin 'yan kwanaki take cin nama da ƙashi. In ba magani, har 9 cikin 10 na iya rasuwa, amma in an kama ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibitin noma tun 1999, kyauta ake yi. A wajenku ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana wannan aiki a Damagaram. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. In yarinyar na raye a kai ta, ko ciwon ya warke ana gyara fuskar da muƙamuƙin da ya ƙage.

Baban Damagaram: Tana nan, bakinta ba ya buɗuwa sosai. Zan gaya wa mahaifinta. Allah ya saka.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai jama'a. Saura tambaya ɗaya. Sun ce sai ya yi wata uku kafin aiki. Uwar kullum kuka, ba ta son 'yan barka su gan shi. Ba za a iya yi yanzu ba?

Likitan Haƙori: Jiran don lafiyarsa ne. Tsohuwar ƙa'idar likitocin tiyata ita ce yaro ya kai mako 10, nauyinsa ya kai wajen kilo 4.5, awon ƙarfin jininsa (haemoglobin) ya kai 10, don ya jure maganin barci. Leɓe tsakanin wata 3 zuwa 6 ake yi. Ƙungiyar agaji ta Smile Train na ɗaukar nauyin aikin a asibitoci da dama a Najeriya, su tambaya ko nasu na ciki. Ramukan leɓen ƙasa su ma ana iya cire su daga baya in suna damunsa.

Ganɗa ce ake ta muhawara a kan lokacinta. An yi wani babban gwaji da jarirai 558 a Birtaniya da Denmak da Norwe da Suwidin da Burazil, aka wallafa a 2023. Aka raba su, wasu aka yi musu aiki a wata 6, wasu a wata 12. Da suka kai shekara 5, waɗanda iska ke tsere musu ta hanci wajen magana sun kai kusan 9 cikin 100 a rukunin farko, 15 cikin 100 a na biyu. Ni ra'ayina, wannan ba ya nufin mu ruga mu yi a wata 6 a ko'ina. Yaran can lafiyayyu ne masu ƙiba, da ƙwararrun masu sa barcin jarirai a kansu. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne jinkiri yana da farashi, mu da ake kawo mana yaro ɗan shekara bakwai da ganɗa a buɗe, ya riga ya saba magana ta hanci.

Nas Talatu: Maman Ilham, ita babbar fa, yaya maganarta? An taɓa gwada jinta?

Maman Ilham: Tana ɗan yi ta hanci, kuma sai an ɗaga murya take juyowa. Mun ɗauka rashin ji ne irin na yara.

Nas Talatu: A kai ta sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Masu tsagar ganɗa ruwa yakan taru musu a bayan dodon kunne, don tsokar da ke buɗe hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro ba ta aiki daidai. Ba ya ciwo, shi ya sa ba a lura, sai dai ji ya ragu, magana ta yi baya. Ana magance shi. Sannan don Allah, an yi suna ko tukuna? Kada a bar wanzami ya cire wa jaririn beli. A dangi irin naku akan samu tsagar da ta ɓuya a ƙarƙashin fatar ganɗa, alamarta beli mai kai biyu, kuma ba kowa ke ganinta a ranar haihuwa ba. Ga zubar jini, ga shi yaron da ake tara wa jini don tiyata.

Hajiya Babba: Wannan kam sai an kai ruwa rana da tsofaffin gidan. Ki ce likita ce ta hana, ki biya wanzamin kuɗinsa cif, ya yi aski kawai ya tafi.

Maman Ilham: Jibi ne sunan. Bari in kira ƙanina yanzu kafin su yi magana da wanzamin.

Ɗan Fagge: In ya karɓo takardar amincewar, ki rufe sunaye ki ɗauko mana hotonta. Ina so in ga abin da suka rubuta a kan fitar da samfur waje.